Layukan da Na Goge a Manhajar Rabon Gado

Ko da zan manta sunayen 'yan ajinmu kaf, ba na jin akwai ranar da zan manta da wata jar lamba da na gani a fuskar kwamfuta, wata Laraba da hantsi, a wani ɗan shago da ke bayan kasuwar Daura. Sha bakwai ce lambar. Duk 'yan'uwanta da ke jere sama da ƙasa korraye ne, ita kaɗai ce ja, kamar ɗigon jini a farin mayafi. Har yau in na ga sha bakwai a jikin mota ko a ƙofar wani gida, sai na ɗan tsaya.

Lokacin ina karatun kwamfuta, makaranta ta tura mu koyon aiki na wata shida. Ƙawayena suka tafi Kano da Katsina, ni kuwa Babanmu ya ce 'yarsa ba za ta zauna gidan haya a garin da ba ta da kowa ba, don haka na dawo gida. Shagon da ya karɓe ni, a gaba ana hoton takardu da buga wasiƙu, a ciki kuma akwai wani ɗan lungu mai tebur biyu inda ake rubuta manhaja. Mutum biyu suka kafa shi. Ɗaya shi ne wanda muke kira Oga, mutum mai barkwanci da son shayi, wanda tun ranar farko ya raɗa mini suna Injiniya. Ɗayan kuwa ban riske shi ba. Ya rasu mako uku kafin zuwana, bayan jinyar kwana goma a asibiti. A teburinsa aka zaunar da ni, a kujerarsa wadda ƙafarta ɗaya ke ɗaure da waya.

Marigayin ya bar wani aiki da ya cinye masa shekara biyu. Tun da aka fara aiki da shari'a a jiharmu mutane suka ƙara kula da rabon gado, ga shi malaman da suka san fannin ba su da yawa. Sai ya riƙa zama gaban wani dattijon malami mai ilimin gado, yana koyo yana rubuta manhajar da za ta yi wa mutum tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: mamacin namiji ne ko mace, ya bar mata, ya bar uwa, ya bar 'ya'ya, maza nawa mata nawa. In an gama amsawa sai ta fitar da kason kowa. Bayan sadakar arba'in wansa ya kawo laftof ɗinsa shago, ya ce dangi sun yanke shawara gadon farko da za a raba da manhajar shi ne na mai ita, don ta zama masa sadaka mai gudana. Abin da ya bari gona ce a hanyar Zango da shanun noma biyu. Magadan kuwa mahaifiyarsa, da matarsa wadda ba su cika shekara da aure ba, sai wansa da ƙanensa. Bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa ta gabas, kowa na so ya san inda zai zuba irinsa. Aka sa ranar Asabar.

Ni kuma malaminmu na makaranta ya ce kowa ya dawo da rahoto a kan ingancin wata manhaja ta gaske, ya auna ta da ma'aunin da ya koya mana. Ma'aunin nan shi ma manhaja ne, amma aikinsa karatu kawai. Ba ya kunna manhajar da aka ba shi, ba ya gwada ko tana aiki. Kod ɗin yake bi, wato ainihin rubutun umarnin da mai manhaja ya tsara, layi bayan layi, kamar yadda tsohon tela ke juya riga ya duba ɗinkinta ta ciki ba tare da ya sa ta a jiki ba. Abu biyu yake dubawa. Na farko sarƙaƙiya: duk inda rubutun ya ce idan kaza ne a yi kaza, idan ba haka ba a yi kaza, hanya ta rabu biyu ke nan, sai ya ƙirga. Sashen da hanyoyinsa suka wuce goma sai ya shafa masa ja, wai ya yi wa kan mutum yawa, kuskure zai iya ɓuya a ciki. Na biyu tsabtar rubutu: tsawon layi, tazarar da aka bari a farkon layi, sunayen da aka raɗa wa abubuwa, ko hannu ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe.

Dole in faɗi wata gaskiya a kaina, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Ni 'yar littattafan soyayya ce. Tun ina aji ɗaya a sakandare nake hayarsu a kasuwa, ina ɓoye su a cikin littafin lissafi. Duk namijin da na gani shiru-shiru sai na ƙaga masa wani ciwon zuciya da wata masoyiya da ta yi nisa. To sai ga ni zaune a kujerar mutumin da ban taɓa gani ba, ina karanta rubutunsa daga safe zuwa la'asar. Kuma rubutun mai kyau ne. Kowane sashe gajere, kowane layi da tazararsa huɗu ba ƙari ba ragi, kamar an jera kwanuka a ɗakin amarya. A gefen wurare masu wuya yakan bar ɗan bayani da Hausa don wanda zai zo bayansa. Wanda ya fi yawan rubutawa shi ne, "Nan a yi hattara." Na riƙa jin kamar da ni yake. Na yi masa murya a raina, na yi masa tsayi, har farar shadda na sa masa. Yau abin dariya yake ba ni, amma a lokacin in Oga ya ambaci sunansa sai in sunkuyar da kai kamar wadda aka ambaci saurayinta.

Shi ya sa jar lambar nan ta ɓata mini rai. Sashe talatin da wani abu, ba wanda ya wuce tara, sai wannan ɗaya, sashen da ke tantance waɗanda za su ci gado, ya haura sha bakwai. A ƙarƙashin lambar ma'aunin ya jero ƙorafe-ƙorafe fiye da ashirin, duka a kan wasu layuka goma sha huɗu da ke ƙarshen sashen. Tazara ba daidai ba. Layi ya yi tsawo. Suna ɗaya an rubuta shi iri biyu. A ƙarshe kuma ya ce sharaɗin da ke bakin waɗannan layukan ba zai taɓa cika ba, don haka babu hanyar da manhajar za ta bi ta iso wurin. A makaranta irin wannan mataccen kod muke kiransa, kuma abin da aka koya mana a kansa ɗaya ne: a share.

Na nuna wa Oga. Ya leƙo da kofin shayinsa a hannu ya ce, "Injiniya, me bokan naki ya ce?"

Na ce, "Ya ce akwai shara a nan, Oga. Ba ta aiki, ɓata lamba kawai take yi."

Ya ce, "In ba ta aiki ki kwashe ta. Ranar Asabar gaban Malam, wanda ya koya masa gadon, za mu buɗe abin nan, ba na so a ce abokina ya bar aiki da datti."

Abin da nake so in ji ke nan. Ranar Alhamis da yamma na shafa layukan nan goma sha huɗu na goge su. Ban karanta su ba. Ina maimaitawa don shi ne laifina: ban karanta su ba. Idona ya wuce ta kansu kamar yadda yake wucewa ta kan tabo a jikin bango. A raina cewa nake mutumin da na ƙaga ba zai yi irin wannan ƙazamin rubutu ba, gara in share masa kunyarsa. Na sake sakin ma'aunin, lambar ta sauko tara, ta koma kore. Na adana, na rufe laftof ɗin, na tafi gida ina jin kamar na wanke wa masoyi riga.

Ranar Juma'a mazan shagon suka tafi masallaci tun kafin azahar, suka kashe janareta, suka ja ƙofar gaba suka bar ni a lungun ciki ina haɗa rahotona. Wanda ya san Daura a tsakar ranar Juma'a ta bazara ya san irin shirun da nake nufi. Ba babur, ba mai talla, ko akuya ba ta kuka. Fanka ta tsaya. Kwanon rufi yana ta ƙas-ƙas don zafi. Kakata takan ce tsakar rana ba lokacin zaman mutum shi kaɗai ba ne, ni kuwa nakan yi mata dariya. Na buɗe laftof ɗin a kan batir, na saki ma'aunin don in ɗauki hoton korrayen lambobina in sa a rahoto.

Sha bakwai. Ja.

Na ɗauka tsohon sakamako ne ya maƙale. Na rufe na sake saki. Sha bakwai. Na buɗe fayil ɗin na gangara ƙarshen sashen, sai ga layukan nan goma sha huɗu a zaune inda suke, da karkatacciyar tazararsu, kamar ba hannun da ya taɓa su. Na ji wani sanyi ya bi bayana duk da gumin da nake yi. Kujerar ta yi ƙara a ƙarƙashina, na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Daga baya Oga ya ce wataƙila kwafi na gyara ba ainihin fayil ɗin ba, ko kuwa ban adana ba. Mai yiwuwa ne. Na sha yin irin wannan kuskuren tun daga lokacin. Amma ni dai na san na ga kore ranar Alhamis, kuma na san yatsana ya danna adanawa.

Da na ga ba inda zan gudu, sai na zauna na yi abin da ya kamata in yi tun ranar Laraba. Na karanta. Layukan suna tambaya ne ko akwai ciki: ko matar mamaci na da juna biyu, ko matar ɗansa, ko mahaifiyarsa, kowacce da irin nata sharaɗin, shi ya sa hanyoyin suka yi yawa. In amsar e ce, ba a lissafa komai ba. Manhajar za ta tsaya cak ta rubuta saƙo ɗaya a fuskar kwamfuta. Saƙon da Hausa yake: "A dakata da rabo. Akwai mai zuwa." Amma a saman layukan an rubuta cewa amsar a'a ce, kuma duk faɗin manhajar babu inda ake yi wa mutum wannan tambaya balle amsar ta canza. Ɗaki ne aka gina aka manta ba a fasa masa ƙofa ba. Gaskiyar ma'aunin ke nan da ya ce ba hanyar shiga.

Sai na duba ranar da aka shigar da layukan, don laftof ɗin na ajiye tarihin kowane gyara. Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa da kalandar da ke bango, wadda Oga ya zagaye ranar rasuwar da jan biro. Kwana tara bayan an binne shi.

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Na dai san na karanta Ayatul Kursiyyu, na rikice a tsakiya, na sake farawa. Ina kallon saƙon nan ina jin kamar akwai wani tsaye a bayan kujerar yana jira in gama karantawa. Ban waiwaya ba har sai da na ji ƙarar babura, masallaci ya tashi.

Oga ya shigo da darduma a kafaɗa. Da ya ga fuskata ya ce, "Ke kuma lafiya? Kamar wadda jarumin littafinta ya auri wata."

Na nuna masa layukan da ranar. Ya yi dariya ya ce agogon kwamfuta ne, in batirin ciki ya yi sanyi sai ta ce maka yau Sallah. Ya duba agogon. Daidai yake har minti. Dariyar ta ragu. Ya ce, "Injiniya, littattafan nan sun gama da ke. Matattu ba sa buga kod."

Na ce, "Ni ma ban ce shi ba ne, Oga." A gaskiya minti goma kafin nan cewa nake shi ne. Amma bakina na faɗin haka idona ya koma kan jerin ƙorafin ma'aunin, sai na ga abin da yake ta gaya mini tun ranar Laraba. Layi dubu biyu da wani abu ba ƙorafi ko ɗaya, sai layi goma sha huɗu da ƙorafi fiye da ashirin. Mutumin da bai taɓa kuskuren tazara ba a shekara biyu ba zai yi shi sau bakwai a wuri ɗaya ba. Tunanin nasa ne, tsarin nasa ne, amma yatsun ba nasa ba ne. Wani ne ya kwafa, wanda bai san abin da yake kwafa ba, yana neman haruffa ɗaya-ɗaya. Na ce, "Wa ke riƙe da laftof ɗin nan kafin arba'in?"

Oga ya ajiye dardumar a hankali. Ya ce, "Yana ɗakin matarsa." Sannan ya ce, "Tana takaba. Ni ba zan shiga ba. Ke ce za ki je."

Bayan la'asar na bi Innarmu muka je gidan da sunan gaisuwa. Mahaifiyar marigayin na zaune a tabarma a tsakar gida da carbi, Innarmu ta zauna wurinta, ni kuma aka nuna mini ɗakin. Duk hanya ina ƙaga matar a raina yadda littattafai suka koya mini, doguwa, fara, mai hawaye kamar lu'ulu'u, har da ɗan kishin da ba ni da hurumin yi. Wadda na tarar yarinya ce sa'ata, siririya, ba kwalli ba lalle, cikin wani zurmemen hijabi ruwan toka duk da zafin da ake yi. Kusa da ita akwai ɗan kwano da tsamiya a ciki, da wani gwangwani mai murfi da ta tura ƙarƙashin gado da ƙafa lokacin da na shigo. Ina da yayye mata uku. Na san ma'anar tsamiya da gwangwani.

Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya, na ce ni ce ke zaune a teburinsa a shago. Ta ɗago ta dube ni a karon farko. Na rage murya na ce, "Yaya, ke kika buga layukan nan?"

Ta dubi ƙofa. Sannan ta miƙa hannu cikin jakar Alƙur'ani da ke rataye ta zaro wata takarda a ninke. Takardar magani ce ta asibiti, a bayanta ya yi rubutun. Layukan farko da kyakkyawan hannun da na yi zato, suna tafiya suna karkacewa, na ƙarshe kuwa biron ya ja wani dogon zare ya sauka har gefen takardar. A sama ya rubuta, "Nan a yi hattara."

Ta ce, "Kwana biyu kafin ya cika ya rubuta. Ya ce in ya tashi zai shigar da kansa, in bai tashi ba in kwafa yadda yake, kada in canza komai. Ya ce saura layi ɗaya, gobe zai rubuta. Goben bai iya riƙe biro ba." Ta ce ta ɗan koyi buga rubutu a sakandare, amma wannan wuni guda ta yi a kansa, tana neman kowace alama.

Na ce, "Ashe ya sani."

Ta girgiza kai. Ta ce, "Ni kaina ban sani ba a lokacin. Wallahi ban sani ba. Sai da na zo kan Hausar nan ina bugawa, akwai mai zuwa, sai na tsaya na fara ƙirga kwanakina."

Gashin jikina ya tashi a karo na biyu a rana ɗaya. Mai yiwuwa babin da ya rage masa ke nan a karatun gado, ya tuna da shi a gadon asibiti kamar yadda mai aiki ke tuna abin da bai ƙarasa ba. Haka Malam ya ce daga baya, kuma na yarda. Amma a ɗakin nan, da takardar a hannuna, ba haka na ji ba.

Na ce, "To me ya hana ki faɗa? Gobe fa za a raba."

Ta ce, "In faɗa wa wa? In fita tsakar gida in ce wa Hajiya me? Na fari ne fa." Ta sunkuyar da kai. A wurinmu mace ba ta buɗe baki ta ambaci cikin fari, balle a gaban uwar miji, sai dai manya su gani da idonsu. Ita kuwa mahaifiyarta ta rasu, tana cikin hijabi dare da rana, ga gida cike da baƙin ciki, ba wanda ya kalle ta da wannan idon. Ta ƙara da cewa, "Kuma in na yi magana yanzu, ana gobe za a raba, cewa za a yi gonar nake so. Na ɗauka tun da na buga abin nan, na'urar za ta yi tambayar a madadina." Ta kama hannuna ta ce, "Don Allah kada ki faɗa da bakinki."

Na fito daga ɗakin. Abin da na goge ranar Alhamis ba shara ba ne. Muryar yarinyar nan ce, ita kaɗai take da ita, da haƙƙin wanda bai iso duniya ba balle ya yi magana.

Na samu Oga yana shirin rufe shago. Na ce, "Oga, layi ɗaya ya rage, za mu sa tambayar." Ya buɗe baki zai yi barkwancinsa, ya dubi fuskata, ya rufe. Bai tambaye ni komai ba. Ya tayar da janareta, muka zauna na rubuta layin da marigayin bai samu rubutawa ba, da tazara huɗu yadda yake yi. Muka gwada da e, muka gwada da a'a. Lambar ta haura sha takwas, ja wur. Oga ya ce, "Bokan naki zai yi fushi." Na ce ya yi ta yi.

Ranar Asabar da hantsi maza suka taru a zauren gidan, mu mata muna daga ciki kusa da ƙofa inda ake jin komai. Malam ya yi addu'a, Oga ya buɗe laftof yana karanta tambayoyin da ƙarfi, wan marigayin na amsawa. Ya bar mata? Ɗaya. Ya bar uwa? Tana raye. Ya bar 'ya'ya? Babu. Sai Oga ya yi gyaran murya ya karanta, "Akwai mai juna biyu a cikin matan da abin ya shafa?"

Wan ya ce, "Babu, wuce gaba."

Muka ji muryar Malam ta ce, "Tsaya." Ya ce, "Astagfirullah. Wannan tambayar ita ce farkon abin da malamina ya koya mini, yau ga ni zaune ina jiran na'ura ta tuna mini. Alhaji, wannan ba amsarka ba ce, ba amsar kowane namiji ba ce a zauren nan. A tambayo cikin gida."

Hajiya ta ajiye carbinta. Ta dubi ƙofar ɗakin surukarta, ta daɗe tana dubawa, kamar mai haɗa wasu abubuwa da ta gani ba ta lura ba. Ta tashi da kyar ta shiga ta saki labule. Ba mu ji magana ba. Abin da muka ji kuka ne, na mutum biyu, ƙasa-ƙasa. Da ta fito ta tsaya a bakin zaure, ba ta shiga ba, ta ce, "Malam, a dakata."

Oga ya danna e. Ya gaya mini daga baya cewa da saƙon ya fito bai iya karanta shi ba, sai ya juya laftof ɗin ya nuna wa Malam. Malam ya yi bayani cewa ba a raba gado da ciki a tsaye, sai an haihu. In namiji ne, 'yan'uwan mamaci ba su da komai. In mace ce, tana da rabin dukiya. Ƙanen ya fara gunaguni cewa shi har ya yi magana da masu huɗa a kan ɓangarensa. Wan ya katse shi ya ce, "Rufe mana baki. Ɗan'uwanmu ne ya dawo gida." Daminar nan tare suka noma gonar, ba a kafa iyaka ko ɗaya ba.

Rahotona na kai shi da jar lambarsa. Malaminmu ya zagaye ta ya rubuta cewa me ya sa ban gyara ba. Na gyara daga baya, yadda ya dace: na cire layukan na ba su sashe nasu na kansu, na daidaita tazararsu, kowace lamba ta koma kore ba tare da an rasa ko harafi ɗaya na ma'anarsu ba. Da tun farko haka na yi. Ma'aunin bai yi mini ƙarya ba ko sau ɗaya. Ya ce wurin ya sarƙe, gaskiya ne. Ya ce hannun ya bambanta, gaskiya ne. Ya ce ba ƙofa, gaskiya ne. Abin da bai ce ba, kuma ba zai taɓa iya cewa ba, shi ne dalili. Ni ce na cike wannan gurbin da son kore da kuma wani mutum da na ƙaga a raina wanda ba ya kuskure. Tun daga ranar, in ma'auni ya nuna mini ja, nakan ɗauka cewa yake zo ki duba nan, ba zo ki share nan ba. Kuma ban sake goge layin wani ba sai na karanta shi, na tambayi wanda ya rubuta da halin da yake ciki.

Mace aka haifa, bayan an gama girbin gero. Rabin gonar hanyar Zango nata ne, baffanta ke noma mata har yau. Ni kuwa na zama malamar kwamfuta a wata makarantar 'yan mata, na yi aure, na rage karanta littattafan nan ko da yake ban daina ba. Bara aka kawo mini sababbin ɗalibai, a cikinsu akwai wata siririya mai shiru-shiru da ke zama a layin gaba. Sunan mahaifinta a rajista ya isa ya gaya mini ko wace ce, ita kuwa ba ta san ni ba. Ranar da na karɓi littattafansu don dubawa, na buɗe nata na ga aikin a jere tsaf, kowane layi da tazararsa. A gefen tambaya mafi wuya ta ja ɗan layi da fensir ta rubuta, "Nan a yi hattara." Wataƙila mahaifiyarta ta nuna mata takardar nan ta asibiti. Ban tambaye ta ba. Na ba ta makinta, na rufe littafin, na ɗan jima a zaune kafin na ɗauki na gaba.